Shekarar da Albasa Ta Shanye Tabki

Ni ban iya iyo ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. A ƙauyenmu, wanda ke bakin kwalta tsakanin Malbaza da Ƙonni, ruwa na albasa ne da wanki da dabbobi. Babba ba ya shiga tabki ya wuce gwiwa sai in jakinsa ya kafe a laka. Duk da haka ni ne na yi wata da watanni tsaye a bakin tabki da agogo a hannu, ina auna iyon ƙanena, kai ka ce na san abin da nake aunawa.

Ƙanen nan nawa shi ke bi mini. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana garkar albasa a bakin tabkin, sai na bar lakwal, wato makarantar boko, na rungumi albasa, shi kuma aka bar shi ya ci gaba. Sau biyu ya zauna jarrabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare, sau biyu sunansa bai fito ba. Kansa ba ya riƙe lissafi, amma Allah ya ba shi ƙafa. In injin ban ruwa ya lalace na aike shi Malbaza sayen wani ƙarfe, kafin in gama kwance injin ya dawo, wata rana a keke, wata rana da ƙafa don ya ce ba shi da lokacin tsayawa yin faci. Albasa kuwa ya tsane ta tsana mai tsanani. In muna dashe, jikinsa ne kawai ke cikin fangali, idonsa na kan kwalta yana bin manyan motocin siminti da kallo. Nakan yi masa tsawa, don ni mai saurin fushi ne, amma a raina na san yaron ba na garka ba ne.

Ƙarshen wata damina, cikin shekarun da injinan ban ruwa suka fara cika ƙauyukanmu, malaminsu na motsa jiki ya same mu a garka. Mushe muke ce masa, kamar kowane malamin lakwal. Siririn mutum ne mai ƙaramin babur, ya yi karatunsa a Yamai, kuma ba ya iya magana bai yi nuni da hannu biyu ba. Ya ce wata ƙungiyar wasanni za ta yi gwaji a Yamai kafin zafi ya kama, za a zaɓi 'yan samari kaɗan a ba su gurbi a makarantar koyon aikin wasanni, da ci da kwana. Ba a tambayar birebe. Shekaru kawai ake dubawa, kuma na ƙanena sun zo daidai bakin iyaka, in ya wuce bana shi ke nan.

"Wasa ukku na," in ji Mushe. "Iyo, sannan keke, sannan gudu. Bi da bi, babu hutu tsakani."

Na ce, "Mushe, wane laihi yay yi da za a hore shi hal sau ukku?"

Mushe ya yi dariya, ƙanena bai yi ba. Yana tsaye da kwasa a hannu, ya buɗe baki yana kallon malamin. Ban taɓa ganin ya saurari wani abu haka ba, ko huɗubar Idi. Na tambayi tsawon iyon, Mushe ya duba gari ya ce kamar daga kasuwarmu zuwa maƙabarta. Kwatancen bai yi mini daɗi ba, na kuma faɗa masa.

A ranar ya zayyana masa yadda za a yi shiri, ina gefe ina ji. Ya ce gudu ya riga ya iya, kada ya ɓata ƙarfinsa a can don jin daɗin yabo. Abin da bai iya ba shi zai ba safiyarsa, lokacin da jiki ke da sauran ƙarfi. Ya ce a fara kaɗan a ƙara kaɗan, wanda ya yi wa jikinsa ɗibar karan mahaukaciya a makon farko zai yi na biyu a kwance. Ya ce ranar Juma'a hutu, kuma hutun ma yana cikin aikin. Wannan ta ƙarshen ita kaɗai ce ƙanena ya yi wa gardama.

Inna, mahaifiyarmu, da ta ji labari sai ta ajiye ludayi. "Ni dai ban haihi kihi ba," ta ce. "Keke na sani, gudu na sani. Mi ak kai ɗan mutum cikin ruwa da gangan?" Amma ta ga fuskarsa kamar yadda na gani, ba ta hana ba. Ta dai sa ni na yi mata alkawari ba zai taɓa shiga tabki ba sai ina tsaye. Abin da tsayuwata za ta yi masa, ni da ban iya iyo ba, ba ta tambaya ba, ni ma ban tayar da zancen ba.

Lokacin tabki cike yake maƙil, ya haura har gindin itatuwan bagaruwa. Mushe ya kawo benci daga gidan mai shayi, ya kwanta a kai rub da ciki yana wurga hannuwa yana juya kai gefe, yana nuna yadda ake shan iska. Matan da ke wanki suka bar wankin suka zo kallo. Wata tsohuwa ta tambaya ko aljanu ne suka buge malamin lakwal. Bai kula su ba. Ya tuɓe ya shiga ruwa har ƙirji, ya tallafi cikin ƙanena da tafin hannu, yana cewa ya busa iska cikin ruwa, ya sha a waje, ya daina dukan ruwa kamar mai sussuka. Ƙanena ya sha tabkin nan ya ƙoshi a makonnin farko. Yakan fito idanu jawur, yana tari, yana amayar da ruwa mai launin kunu. Amma a hankali ya fara tafiya. Aka kafa turaku biyu, ɗaya wajen bagaruwa, ɗaya daidai garkarmu, ya riƙa zuwa yana dawowa tsakaninsu. Da aka koma lakwal, Mushe ya daina samun zuwa sai jefi-jefi, sai ya ciro agogonsa mai maɓalli ya ba ni, ya nuna mini inda ake dannawa.

Wajen keke da gudu ba mu sha wata wahala ba. Keken mahaifinmu ne, baƙi, mai nauyin tsiya. Mai gyaran keke ya cire masa kariya da madogari da ƙararrawa da duk wani ƙarfen da bai da amfani, har ya koma abin tausayi. Ƙanena yakan hau kwalta ya nufi Ƙonni, ya juyo, in ya iso bakin garka ya yar da keken ya zura da gudu kan hanyar jan ƙasa. Ranar farko da ya gwada haka, taku kaɗan ya yi ya kife. Ya ce ƙafafun kamar aro ya yi su. Mushe ya ce haka ake ji, kowa ma, maganinsa a yi ta maimaitawa, kuma in an kusa sauka a sassauta taka feda a bar ƙafa ta huce. Ya koya masa ajiye takalmi a buɗe, da shan ruwa a kan keke tun ƙishi bai zo ba, da cin abu mara nauyi tun da sauran lokaci. Bayan 'yan makonni, sai ka ga yaro ya diro daga keke ya wuce kamar ba shi ya taho daga Ƙonni ba.

Gari kuma kowa ya zama malami. Mai shayi ya ce ɗanyen ƙwai cikin madara. Wani tsohon ɗan kokawa ya ce ya san mai layar da ruwa ba ya cin mai ita. Direbobin siminti da suka saba ganinsa a hanya suna yi masa oda, wani ya rage gudu don ya laɓe bayan motarsa iska ta ja shi, har sai da Mushe ya hana, ya ce ranar gwaji babu motar siminti. Ina jin duk wannan ina hura hanci, don ƙanena ne.

Sai lokacin dashe ya zo.

Wanda bai zauna garin albasa ba ba zai gane ƙarar ba. Kowace garka da injinta, ga mai yana shigowa da araha daga tsallaken iyaka, tun sassafe tabki ke ɗaukar ruri ta kowane gefe. Kowane inji da dogon tiyo baƙi da ya zura baki cikin ruwa. Nawa ma yana ciki, kuma ba ƙaramin sha yake yi ba. Kowace shekara haka ake yi, tabki ya ja baya, mu bi shi da tiyo, inda ya bari mu dasa dankali. Ban taɓa ɗaukar wannan abin damuwa ba. In bakin tiyo ya fara shan iska, sai in naɗe wando in ƙara tura shi ciki, in koma aikina. Turakun iyo ma mun matsar da su ciki sau da yawa, muna auna tsakaninsu da igiya don tsawon ya zauna daidai.

A daidai lokacin ne agogo ya fara ba mu labari mai daɗi. Kowane mako ƙanena na rage lokaci. Ga sanyi ya shigo, ruwan safe kamar ƙanƙara, yana fitowa haƙora na kaɗawa, amma in na nuna masa agogo sai ya manta da ɗari. Na aika wa Mushe da saƙo, ya aiko cewa madalla, a ci gaba. Inna ta fara ƙara masa nono a fura. Ni da kaina na je wurin mai shayi ina cika baki, wai yaron nan ko 'yan bakin kogin Yamai sai sun yi da gaske.

Abin da ya fara tsaya mini a rai gwiwoyinsa ne. Yakan fito da baƙar laka a gwiwa da yatsun ƙafa, har cikin farcen hannu. Bayansa kuma, in yana iyo, wani layi mai duhu na tasowa cikin ruwan yana bin sa. Na ga wannan na kau da kai, don ban san yadda iyon kirki yake ba balle in ce wannan ba shi ba ne. Sai wata safiya wani makiyayi ya kawo shanu shan ruwa. Wata farar saniya ta ƙi tsayawa a baki, ta kutsa, ta ratsa tsakanin turakun nan biyu a tsaye, tana tafiya abinta, ruwa ko cikinta bai rufe ba. Ƙanena ya zo daf da ita, ya miƙe tsaye ya kore ta da hannu, ya sake kwantawa ya ci gaba. Na dubi agogon da ke hannuna, na ji kamar in jefa shi cikin tabkin.

Da ya fito na ce, "Kai, iyo kaka yi ko rarrahe?"

"Wane irin rarrahe?"

"Dubi gwiwakka. Dubi hannunka. Saniya ta wuce ka tsaye!"

Ya ce ba ya taɓa ƙasa sai in numfashi ya ƙare masa, ya ɗan dogara ya tura, kuma ba kullum ba. Na ce sau nawa a zuwa ɗaya. Ya ce bai ƙirga ba. Na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga, har masu garkar kusa suka kashe inji don su ji da kyau. A ƙarshe ya ce mini, "Kai da ko kwatami ba ka shiga, kai za ka hwaɗa min iyo?" Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ɗauki babur ɗin maƙwabci na je na taho da Mushe.

Mushe ya dubi tabkin. Ya tuɓe ya shiga, ya yi ta tafiya har tsakiyar turakun, ruwa bai wuce cibiyarsa ba. Ya daɗe tsaye a wurin, hannuwan nan nasa masu yawan nuni sun sauka. Da ya fito ya ce da ƙanena daga yau ko me zai faru kada ya taɓa ƙasa, in ya gaji ya juya rigingine ya huta a kan ruwa. Ƙanena ya gwada. Amma jiki ya riga ya koyi abinsa, da numfashi ya yi wuya sai ƙafa ta sauka da kanta, ƙasa kuma tana nan kusa tana jira. Mushe ya ce a nemi ruwa mai zurfi. Ya faɗe ta kamar abin da ake saya a kasuwar Laraba.

Na bi garka garka ina roƙon mutane su rage ja, ko da na 'yan makonni. Wasu sun yi dariya, wasu sun ba ni haƙuri, wani dattijo ya tambaye ni cikin natsuwa ko in albasarsa ta ƙone ƙanena zai ciyar da gidansa da iyo. Na dawo na kashe nawa injin, don haushi, na bar shi a kashe. Kwana biyu ganyen albasa ya fara kwantawa, bakinsa ya yi rawaya, tabki kuwa bai san ma na yi ba, ya ci gaba da ja da baya. Inna ta zo garka da kanta, abin da ba ta saba ba, ta dubi fangalin ta dube ni. "Shi ba ka cece shi ba, mu kuma za ka kashe mu," ta ce. Na ja igiyar inji ya tashi. Ina tsaye ina kallon ruwa na bulbulowa daga tiyo yana bin fangali, na san daga ina yake fitowa, kuma ba abin da zan iya yi. Ban taɓa jin na tsani aikina ba sai ranar.

Mun ma gwada haƙa. Ni da shi da abokansa muka shiga da shebur muka yi ta kwasar laka tsakanin turakun, wai mu yi masa hanya mai zurfi. Abin da muka kwashe da safe, kafin la'asar ya zame ya koma. Muka fito kamar waɗanda aka tono, matan wanki suka samu abin dariyar mako.

Sai aka ba mu labarin wani babban tabki can wajen Illela, ba ta tsallaken iyaka ba, inda masunta ke kamun kifi har tsakiyar rani. Ranar kasuwa muka hau motar kaya muka tafi, tafiyar da ta cinye mana rabin yini. Ruwa kam akwai shi. Masuntan suka ce ko'ina taru ne da ƙugiya, ba za su bar baƙo ya yi ta yawo a ciki ba, amma wani daga cikinsu ya yarda ya raka shi sau ɗaya. Ya kwanta a kan babbar gorarsa, irin wadda suke hawa su bi ruwa da ita, ƙanena na iyo a gefensa. Daga baki ina gani, tafiyar ta yi kyau da farko. Can sai na ga kan ƙanena ya miƙe sama, kafaɗunsa sun nutse. Ƙafa ta sauka neman ƙasa, ba ta samu ba. Ya ɓace, ya ɓullo, ya daki ruwa ta ko'ina, ya cafki gorar har ya kusa kifar da mai ita. Na sami kaina cikin ruwa har gwiwa ina ihu, ban san lokacin da na shiga ba, kuma daga nan ban iya ƙara taku ɗaya ba.

Muna cikin motar dawowa har muka hango hayaƙin kamfanin simintin Malbaza. Na ce masa ya haƙura, Allah ya kawo wata hanyar.

"Wace hanya, Yaya?" ya ce. "Bana ta, ko babu. In na zamna, hwangali na har in mutu."

"In ka tahi kuma gulbin Yamai ya ci ka hwa?"

"Akwai jirage. Mushe ya ce akwai masu jirgi."

Na so in yi masa tsawa irin ta da, na ga ba ta da wurin sauka. Tsoro nake ji, na kuma faɗa masa tsoro nake ji. Ya ce shi ma.

Makonnin ƙarshe tabki ya zama abin da ko yaro ba zai kira tabki ba. Mushe, da ya rasa yadda zai yi, ya koma kan benci. Ƙanena ya kwanta a kai yana wurga hannuwa, an ajiye masa bahon wanki cike da ruwa a gaba, yana tsoma fuska yana busawa yana juyawa ya sha iska. Safe da yamma haka, a tsakar gida, kaji na kewaya shi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, ko maƙwabta. Inna takan zauna bakin ɗaki tana kallo, in ruwan bahon ya ragu ta tashi ta ƙara.

Muka ɗaure keke a saman mota mu uku, ni da shi da Mushe, muka tafi Yamai. Ban taɓa zuwa ba. Da muka hau gadar kogin na leƙa ƙasa. Ashe kogin nan a rani yake cika, ruwansa daga wata ƙasa mai nisa yake tahowa, lokacin da namu ke ƙafewa shi lokacin yake tumbatsa. Ga faɗi, ga shi yana tafiya. Ban taɓa tunanin cewa ruwan zai riƙa tafiya ba. Na saci kallon ƙanena, na ga shi ma ƙasa yake kallo, ya riƙe ƙarfen kujera.

Da safe aka jera kekuna a jikin wani dogon ƙarfe a bakin kogi, kowane da takalmin mai shi a ƙasa. Namu ne ya fi kowane tsufa, amma ba shi kaɗai ne baƙi ba, wannan ya ɗan kwantar mini da rai. Aka rubuta wa kowa lamba a dantse. Yawancin samarin 'yan unguwannin bakin kogi ne, suna ta tsalle cikin ruwa suna wasa tun ba a fara ba. An ɗaure jarkoki masu launi can ciki, su za a kewayo, ga jirage biyu na masunta suna shawagi. Alƙalin gasar, wani mai furfura da usur a wuya, ya yi bayani da Faransanci da Zabarmanci da Hausa: wanda ya gaji ya ɗaga hannu jirgi zai zo, amma wanda ya hau jirgi ya fita.

Mushe ya kama kafaɗun ƙanena. "Kak ka shiga tsakiyassu. Tsaya baya, ka bi gehe. Kak ka yi sauri, in ka hito ruwa ko kai na ƙarshe, keke da gudu naka na. In numhwashi ya ƙare, juya rigingine. Ka ji? Rigingine."

Mu 'yan rakiya aka tsayar da mu bayan igiya. Aka busa usur.

Na bi kansa da ido cikin kawuna, ban san yadda na yi ba amma ban ɓatar da shi ba. Yana baya, yana gefe, yadda aka ce. Hannunsa na fita da kyau, wallahi da kyau, duk wahalar bencin nan tana wurin. Ya yi nisa har na fara cewa a raina ko dai, ko dai. Bai kai jarka ta farko ba na ga kan ya miƙe. Na san wannan miƙewar. Mushe na ihu yana cewa rigingine, ni ina kiran sunansa, muryarmu ko rabin hanya ba ta kai ba. Ya nutse ya ɓullo, ya sake kwantawa ya yi 'yan hannuwa, ruwa na jan sa gefe. Kan ya sake miƙewa. Jirgi ya matso, ya kore shi da hannu. Ya sake gwadawa. Na uku da ya nutse ya daɗe, na durƙusa riƙe da igiyar. Da ya ɓullo mai jirgin bai tambaye shi ba, ya kama shi ta hammata ya jawo shi ciki kamar buhu.

Jirgin bai kawo shi nan da nan ba, sai da ya raka sauran. Ina durƙushe ina kallon samari na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na zuba daga jikinsu, kowa ya zari kekensa ya tafi. Ƙarfen ya yi ta yin fili. Wani ɗan gajere da ya fito na ƙarshe yana tangaɗi ma ya ɗauki nasa. Aka bar baƙin kekenmu shi kaɗai a jiki, da takalmi a buɗe a ƙasansa.

Da aka sauke shi ya yi amai, ya zauna kusa da keken, bai dubi kowa ba. Mushe ya yafa masa tawul ya koma gefe yana share ido. Ni na tsallake igiyar, ba wanda ya hana ni, na zauna kusa da shi. Muna nan zaune har masu keke suka fara dawowa, suna diro suna zura takalmi suna fita gudu, wasu na jan ƙafa, wasu na dafe da ciki. Ya ɗago yana kallonsu. Na ga yana bin ƙafafunsu da ido.

"Yaya," ya ce a hankali, "waɗanga ba su iya gudu ba."

"Na gani."

Sai ya jawo takalminsa ya sa, ya ɗaure igiya tamau, ya tashi ya nufi alƙalin. Na bi shi. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ko gudun ɗai ku bar ni in yi. Ku gani da idonku. Ba ni son komi, ku dai gani."

Dattijon ya dubi lambar da ke dantsensa, ya dubi fuskarsa. Ba mugun mutum ba ne, na ga abin ya taɓa shi. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, hanya ga ta nan, ba mai hana ka gudu. Amma ba wanda zai duba agogo saboda kai."

Ƙanena ya tsaya yana kallon hanyar, har na ɗauka zai zura. Sai ya zauna a ƙasa a wurin, ya fara kwance igiyar takalminsa. Ni na tura keken har tasha.